Jan Kakata

Jiya ɗiyata mai koyon aikin kwamfuta ta nuna mini cewa kowane launi a na'urar yana da sunansa da lambarsa. Wai wasu mutane ne suka raɗa musu tun da daɗewa, duniya ta bi su a kai. Sai na tuna kakata ta garin Barmu.

Ita ma raɗa wa launi suna take yi. Tana rina kaba da karan dafi, ta saƙa faya-fayai, mu kai kasuwar Tawa. A wurinta babu ja kawai. Akwai jan garwashi, akwai jinin zakara, akwai bakin mai goro. Kullum yatsunta jawur, zanenta yana warin toka.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, gero ya gagari talaka, ga cutar yana ta rufe wa Kaka ido. Da saƙarta muke ci. Wata safiya ta tsamo kaba daga tukunya tana ɗiga, ta miƙo mini.

"Duba min, wane ja ne wanga?"

"Ja ne dai, Kaka."

"Na san ja ne. Wanne?"

Na zuba ido, na kasa. Ta shinshina kabar, ta lasa. Sannan ta ce, "Kifar da tukunyar."

Yashi ya shanye ruwan muna tsaye. Ba ta sake rini ba, kuma ba ta ga girbi ba.

Allah ya haskaka kabarinta, ya mayar mata da ganinta a gidan da ba a yunwa.