Allurar Adda

Yayata ce ta goye ni, don ta girme ni sosai. Adda muke ce mata, yadda ake kiran babbar ya a wajenmu. A Belel ta yi aure, ni kuma aikin koyarwa ya zaunar da ni a Mubi, a unguwar Kolere. Mace ce mai jiki da fara'a, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Da ta fara ramewa mun ɗauka wahalar tuya ce. Sai ƙishirwa ta biyo baya, ta sha ruwa kamar ba za ta daina ba, ga yawan fitsari. An jiƙa mata saiwoyi iri-iri, ta sha ɗaci har ta gaji.

A wannan lokacin ne aka buɗe wani shiri a ƙaramin asibitin garinsu. Abin da muka ji shi ne, ma'aikatan lafiya na gefenmu da na tsallaken iyaka, wato Kamaru, sun haɗa kai da wasu ƙungiyoyi daga ƙasashen Turai don yaƙi da cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani, irin ciwon suga da hawan jini. Tunda mutanen iyaka kasuwarsu ɗaya, auratayyarsu ɗaya, aka ce a riƙa duba su tare. Ranar kasuwa farar mota takan zo da magani, a yi layi a gindin mangwaro.

Na raka Adda zuwanta na farko. Wata nas 'yar Kamaru, mai Fulatanci zalla, ta soke ta a yatsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan injin gwaji, ta duba. Sannan ta kira likitar da ke jagorantar aikin, wata doguwar Baturiya mai furfura. Likitar tana ƙoƙarin Hausa, tana ce wa mace "kai", amma ba wanda ya yi dariya, don rabin mutanen Mubi ma haka suke yi. Ta ce ciwon suga ne, ba ya warkewa, amma mutum kan tsufa da shi idan bai rabu da magani ba. Suka koya wa Adda yadda za ta yi wa kanta allura, da yadda za ta ajiye kwalbar maganin a cikin ƙaramin tulu mai jiƙaƙƙen yashi don kada zafi ya lalata ta.

Adda ta murmure. Kumatunta suka dawo, ta koma tuya. Ta rage tuwon shinkafa ta koma na dawa, ta bar shayi mai suga da take so kamar me. Har ta zama ita ke lallashin matan da ke tsoron allura, na nan da na tsallake. Idan na je hutu, sai ta tsare ni da wa'azi a kan gishiri.

Ba rana ɗaya shirin ya mutu ba. Motar ta fara tsallake wata. Daga baya aka ce 'yan tsinkayen da ake sa wa injin gwaji sun ƙare. Mijin Adda ya yi ta tambaya. Na gefenmu suka ce suna jiran na tsallake su sa hannu a sabuwar yarjejeniya, na tsallake suka ce Turawa suke jira, Turawa kuwa ba mu san inda za mu tambaye su ba. Nas ɗin ta ci gaba da zuwa a kan babur ɗinta, tana ƙetare mayo, wato kogi, ko da damina, tana auna hawan jini, tana duba ƙafafun mata, tana ba da haƙuri. Ita ma aka yi mata canjin wurin aiki.

Muka koma neman allurar a kemis na Mubi. Wani lokaci a samu, wani lokaci a ce sai an kawo daga Yola. Wadda aka samu ma ba mu san irin zafin da ta sha a hanya ba. Adda ta fara tsallake kwana don kwalba ta daɗe, ba ta gaya mana ba.

Wata rana tafasasshen mai ya fallatso mata a ƙafa wajen tuya. Ba ta ji zafi ba, sai da 'yarta ta ga ƙunar. Ciwon ya ƙi kamewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Damina ce, hanya ta lalace, kafin a kawo ta Mubi abin ya yi nisa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da aka sallame ta na kawo ta ɗakina, don komawa Belel ba zai yiwu ba.

Tana wajena aka aiko cewa za a yi babban taro a wani otal a nan Mubi, na duk masu hannu a aikin, kuma ana son wadda ta amfana da shirin ta yi magana. Ban so ba, amma Adda ta ce za ta je. Ta sa atamfarta ta Sallah, muka ɗora ta a Keke Napep. Zauren cike yake, ga mutanen ƙasashe daban-daban, ana magana da Turanci da Faransanci, ana fassarawa. Na fahimci cewa kowa ya yarda cututtukan nan suna cin mutane, kowa ya yarda a haɗa kai, kuma za a sake zama don tsara yadda za a yi. Da aka ba Adda makirufo ta gode wa kowa, ta ba da labarinta a taƙaice, ta tambayi yaushe motar za ta dawo. Aka tafa mata, mai gabatarwa ya kira na gaba.

Lokacin cin abinci sai ga likitar nan mai furfura. Ta durƙusa gaban keken guragun da Adda ke kai, ta dubi inda zanen ya faɗa babu ƙafa, hawaye suka zubo mata. Ta ce ƙasarta ta janye tallafin, ta juya shi wani wajen, ita ma wannan ne zuwanta na ƙarshe. Ta ce ta rubuta, ta roƙa, ba a saurare ta ba.

Adda ta kama hannunta ta ce, "Likita, daina kuka. Ke kin yi naki. Shekarun da na samu, da hannunki Allah ya ba ni su."

A hanyar gida, da muka shiga lungunmu, sai Adda ta ce, "Ƙanwata, ashe su ma ba su da iko."

Yanzu idanunta sun fara dushewa, ni ke ja mata allurar a sirinji idan akwai. Daga cikin matan da suke layi tare, ana yawan aiko mana da rasuwa, sai ta ce in kai gaisuwa a madadinta. Kwanan baya 'yarta ta zo daga Belel da goyo, na ga ta rame, ta zauna ta shanye kofi bayan kofi na ruwan randa. Na dube ta, ta kau da kai. Adda ba ta gani sosai, amma ta ji ƙarar murfin randar, ta tambaya wa ke shan ruwa haka. Na ce mata zafi ake yi.