Yatsan Kaka Mai Bin Zafi

Jirgin sojoji ya wuce ta saman Sabonjida yau da hantsi, sai na tuna da yatsan Kaka.

Tsohon makanikin sojan sama ne. Yakan ba mu labarin makami mai linzami da jirgin yaƙi ke harba wa wani jirgin idan sun kusanci juna. "Ba shi da ido," in ji shi, "zafin injin yake bi." Sai ya rufe ido, ya miƙa yatsansa mai warin taba, yana lalube har ya sauka a kumatun wadda ta fi ɗumi.

Kullum Rahina ce, ƙanwata mai tsalle-tsalle. Ni kunya ta hana ni matsowa, ina gefe ina jin haushin dariyarta.

Ran nan na kara fuskata kusa da murhun gawayi har bakin mayafina ya babbake, na zo na zauna. Yatsan ya wuce Rahina, ya tsaya a goshina.

"'Yar nan, ƙauri na bi," ya ce. "Gobe matso kawai."

Watanni biyu kacal na samu kusa da shi kafin ya rasu, Rahina kuwa shekaru. Har yau abin yana ci na. Allah Ya sanyaya makwancinka, Kaka.