Kabarin Yaya Mariama da muka nema muka rasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Mariama a Lyon, kuma sai bana na san cewa ba ta da kabari.

Karatun tarihi ya kawo ta Faransa daga Damagaram. Ni ina ɗaga kwali a sito a Vénissieux, kusa da Lyon, ita tana hawa jirgin ƙasa zuwa Paris ta wuni kan tsofaffin takardu, tana bin diddigin wata basarakiya ta zamanin da ake yaƙi da takobi. Har haushi nake ji. In ta dawo, tun ba ta cire takalmi ba sai labarin matar: yadda ta riƙe ƙasar mijinta da ya tafi yaƙi, yadda ta binne 'ya'yanta da dama tana raye, wanda ya gaje ta da wanda ya ci amanarta. Nakan ce mata, "Yaya, wannan kakar taki ko gaisuwar Sallah ba ta aiko miki." Sai ta yi dariya.

Abin da ya fi burge ta shi ne matar ta shirya makwancinta da kanta. Ta sa an sassaƙa siffarta a dutse, ta ba da gonaki don a yi ta yi mata addu'a. Mariama ta taɓa ja na muka je muka gani. Na ce wannan ai son duniya ne, mu ƙasa ta ishe mu. Ta ce haka ne.

Da ciwo ya ɗauke ta, maza suka yi abin da aka saba: a gaggauta, kada gawa ta kwana. Aka karɓi filin da hukumar gari ke bayarwa kyauta. Mu mata muna gida, tunda ba ma rakiya maƙabarta. Mijinta ya ɗauki 'yarsu Fassuma, tana 'yar shekara bakwai, suka koma Damagaram. Sauran masu binnewar ma kowa ya kama gabansa. A wajenmu wanda ya kwanta ya kwanta, babu mai tambayar har yaushe.

Bana Fassuma ta dawo Faransa karatu. Abu ɗaya ta roƙe ni: "Tanti, ki kai ni in tsaya a kan uwata."

Muka je. Ma'aikacin maƙabartar ya bi da mu layi-layi, ya tsaya gaban wani kabari mai sunan wani. Cikin ladabi ya bayyana mana cewa filin kyauta na 'yan shekaru ne kawai. In dangi ba su zo sun sayi wuri ba, ana kwashe ƙasusuwa a kai ɗakin tarawa, a ba wani filin. Na sa ya maimaita, don na zaci Faransancina ne ya gaza. Kabari da wa'adi kamar ɗakin haya! Wallahi ban taɓa jin haka ba.

Ina tambayar kaina me Mariama za ta ce. Ta san inda kowane ɗan basarakiyar yake kwance, ga tata 'yar tsaye tana rarraba ido. Na san ta, da ta fara da tsokanata kafin hawaye su zo.

Mutumin ya kai mu ɗakin tarawar, gaban wata ƙofar ƙarfe a rufe. Fassuma ta tambaye shi ko an ajiye ta tana fuskantar alƙibla. Ya ce bai sani ba, ya sunkuyar da kai.

Na zaci faɗuwa za ta yi, har na kama hannunta. Ta zare shi a hankali, ta gyara mayafi.

"Tanti, su wa ke ciki tare da ita?"

Na ce waɗanda babu wanda ya zo nemansu.

"To tunda ba a ware ta ba, ni ma ba zan ware ta ba."

Ta ɗaga hannu ta yi wa duk na cikin ɗakin addu'a. Abin da ya saura na yayata ke nan, kuma ni da na zo rarrashi, amin kawai na iya cewa.