Usur Ɗin Koci

Jumma'ar nan abokina Sani ya ɗauke ni daga unguwar Sabkha, a nan ƙasar Larabawa, za mu garin Hatta shan iska, sai na ga tsohon usur yana lilo a madubin motarsa, da shatin haƙora a bakinsa.

Na ce, "Kai, na Koci ne wannan?"

Ya ce, "Matarsa Hajiya ta aiko min bayan rasuwarsa. Shi ya ce a ba ni."

Na ce madalla, na ci gaba da kallon usur ɗin.

Koci ne ya fara kafa ƙwallon kwando a kwalejinmu, da gare-garen keke ɗaure a jikin falwaya. Sani ya sha tsawa a wurinsa. Da ƙwallo ta suɓuce masa sai ka ji usur: "Sani, hannu ne wannan ko ludayi? Zagaya fili!" Ni kuwa ranar da na cilla ƙwallo cikin tiren mai ƙosai, Koci ya dafa kafaɗata yana ƙamshin goro, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Bala, Allah ya shirye ka." Shi ke nan. Na zaci ni ne ɗan gaban goshi.

Yau Sani yana koya wa 'ya'yan Larabawa kwando cikin sanyin esi, ni ina ɗaure kwalaye a kamfanin jigilar kaya. Ashe wanda Koci ya sa wa rai, shi yake yi wa tsawa.

Na ce, "Don Allah, busa min sau ɗaya."

Sani ya fashe da dariya. Shi ma dariyar dai.

Allah ya jiƙan Koci, ya haskaka kabarinsa. In mun haɗu a Aljanna, ya Rabbi, ka sa ya daka min tsawa ko ɗaya ce.