Da Goyo Ba A Hawa

Washegarin ƙaramar Sallah ne, shekarar da nake aji huɗu, Mma ta kwashe mu daga gidanmu na unguwar Tishigu zuwa filin wasan yara na cikin gari. Mu biyar ne, ni ce babba. A gidanmu kuwa goyo na babbar 'ya ne, ba a ma tambayarta. Tun da asuba na ɗebo ruwa a famfo, na share tsakar gida, na kankare tukunyar wake da shinkafa, sannan aka ɗaura mini Awudu, autanmu a lokacin, a kan sabuwar atamfata. Yaron nan nauyi gare shi kamar buhun masara.

Abu ɗaya ya kai ni, lilon nan mai juyawa da 'yan ajinmu suka ishe ni da labarinsa. Na bi layi cikin rana, gumi yana bin gadon bayana, Awudu yana tsotsar bakin ɗankwalina. Da aka zo kaina, mai kula da lilon ya tare ni da hannu ya ce, "Ƙanwata, da goyo ba a hawa. Kai shi wurin mamanku." Na iske Mma a gindin darbejiya ita da wata ƙawarta 'yar unguwar Bulpiela, sun tuɓe takalma, sun miƙe ƙafa suna shan sobolo, wato zoɓo. Ta leƙa fuskar yaron ta ce, "Ya yi barci. Bari ya farka tukuna."

Awudu bai taɓa barci irin na ranar ba. Ga kiɗa, ga ihun yara, na jijjiga shi, na yi tari da gangan, ko gezau. Haka na wuni ina bin ƙannena daga wurin sulu zuwa kejin birai, wannan ta yar da takalmi, wancan fitsari ya matse shi, ƙuguna kamar zai tsinke. Sai da aka kira magariba ya buɗe ido, lokacin mai lilon yana ɗaure sarƙa. Mma ta ce, "Baɗi ma rana ce." Baɗi kuwa da sabon goyo ta zo.

Na daɗe ina jin haushin Mma. Sai da na fara kai nawa yaran na gane ranar ce kaɗai bayanta ke hutawa a shekara. Sallar da ta wuce, a filin wasan, babbar 'yata ta miƙo hannu za ta karɓi ƙaninta, na ce ta je ta yi wasanta. Da ta sauko daga lilon sai ta ja hannuna ta ce, "Mma, kawo shi, ke ma ki hau." Na kwance goyon na ba ta, na ƙarasa bakin lilon ina jin kunya. Saurayin da ke wurin ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai na yara ne." Na koma na karɓi ɗana na goya. Wani layin sau ɗaya yake zuwa kan mutum.