Baba Dabo da Ƙofar da Ba Ta Amsa Sallama

A takardar aiki masinja ne. Shekara ashirin da shida Baba Dabo ya yi yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan a tsangayar koyon shari'a ta jami'armu a Kano, ranar Juma'a kuma ya hau bas ya koma ƙauyensu na bayan Tsanyawa ya duba geronsa da gyaɗarsa. Bokonsa bai wuce aji huɗu na firamare ba. Amma ku tambayi duk wanda ya yi digiri na biyu a wurin, zai gaya muku wa ya riƙe shi da ƙafarsa ta zame.

Ni Tahira, daga Bagwai nake, kuma ina cikin waɗanda ya riƙe. Ina tsakiyar rubuta kundin bincikena kan rabon gadon gonaki sai haihuwa ta zo mini da gardama, na kwanta wata biyar. Da na dawo na tarar an manna sanarwa: wanda wa'adinsa ya ƙare, in bai kai takardar neman ƙari ofishin kula da ɗalibai kafin Juma'a ba, za a cire sunansa. Wahalar shekara uku ke nan za ta tafi a banza.

Ran Litinin na je da takardata. Ƙofar katako ce mai kauri, a rufe. Na yi sallama, shiru. Na sake, na kuma sakewa, sannan na juya, don haka mahaifina ya koya mana tun muna zaune a gaban allo: sau uku ne, in ba a amsa ba ka koma. Talata ma haka. A digirin farko kullum cikin ayarin ƙawaye nake shiga ofis, wata ce ke tura ƙofa, ban taɓa lura ba. Ga ni lauya guda, na haddace dokar ƙasa sashe-sashe, ƙofa ta gagare ni. A raina na gama yanke cewa sun san ni ce, ba sa son ganina.

Ran Laraba na cika ta ukun na juya, idona ya kawo ruwa, sai wani dattijo mai fayil a hammata ya tare ni.

"'Yata, daga wane gari?"

"Bagwai, Baba."

"Na sani ai, ba 'yar birni ba ce. Kwana uku ina kallonki. Na'urar sanyaya ɗaki ce ke ƙugi a ciki, ko ganga kika kaɗa ba za su ji ba." Ya yi 'yar dariya. "Ni mako guda na yi a bakin ƙofar nan da na zo neman aiki. Ke kin ma fi ni wayo."

Ya tura ƙofar, ya tsaya daga ciki, ya dube ni. "To, yi sallamar."

Na yi.

"Wa'alaikumus salam. Shigo."

Ko minti goma ba a yi ba Hajiya Maryam, shugabar ofishin, ta sa hannu, har tana yi mini faɗan me ya hana ni zuwa tuntuni.

Daga ranar na san ko wane ne Baba Dabo. Shi ya nuna mini asibitin makaranta inda ake duba jarirai, da ɗakin masu shayarwa da ban taɓa sanin akwai shi ba. Da malamina ya ce sai na kawo tsofaffin hukunce-hukuncen alƙalai, Baba Dabo ya kwatanta mini wurin adana tsofaffin takardu a cikin gari, ya gaya mini inda zan sauka daga adaidaita sahu, da ranar da mai makulli ke zama. Ɗakin karatun babbar kotu, ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi, mai ɗinke kundi da ba ya karkata shafi, duk yana da su a ka kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Sai dai fa yana da baki. In ka zo da fayil ya yamutse, sai ka sha mita kamar ka bar akuya ta shiga shuka.

Ranar da zan kare kundina, mutum biyar ne a kan tebur, har da wani farfesa baƙo mai gilashi a ƙarshen hanci. Yana cikin jefo mini tambaya sai na ji sallama can ƙasa-ƙasa a bayan ƙofa. Ba wanda ya ji sai ni. Aka sake. Na gane muryar, na kuma san in ya yi ta ukun zai juya, domin mutumin da ya koya wa ɗaruruwanmu tura ƙofa, in ba fayil a hannunsa, shi kansa ba ya shiga sai an amsa.

Na ce, "Farfesa, a gafarce ni." Na ɗaga murya. "Wa'alaikumus salam, Baba. Shigo."

Ya shigo cikin farar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Talata ce. Farfesa ya tambayi ko wane ne wannan. Kafin in buɗe baki malamina ya riga ni.

"Shafi na uku, Farfesa. Sunansa ne na farko a godiya, kafin nawa."

Aka jawo masa kujera. Ya zauna har aka gama, hularsa a kan gwiwa, kuma ban taɓa jin alfahari da mutumin ƙasarmu kamar ranar ba.