Jirgin Malam Munzali

Duk wanda ya taɓa kai keken ɗinki gyara a unguwar New Bell Haoussa da ke Douala ya san Malam Munzali. Rumfarsa na jingine da katangar masallaci, shi kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ciro magana daga bakinsa. Mu maƙwabta mun san ya yi zaman Najeriya da ƙuruciya, ya dawo ya yi aure. Iyakar saninmu ke nan, kuma ba wanda ya tambaya.

'Yarsa ɗaya ce, Fadimatu, ga ta 'yar fari, sai kunya ta shiga tsakani. Bai taɓa kiran sunanta ba, balle su zauna hira. Bakinsa ba ya buɗewa sai ga jikarsa Latifa, wadda yake kira amarya. In ta kawo masa abinci sai ya ce, "Ke matar nan, da kin san ni lokacin da nake tuƙa jirgin yaƙi, da ba ki kawo mini miya ba nama ba." Ita kuma ta ce tsohon da ke tsoron hawa babur, ina shi ina jirgi? Ya yi ta zuba labari, tana ƙyalƙyala dariya. Wasan kaka da jika ne, wa zai ɗauke shi da gaske? Ni ma na sha dariya ta bayan katanga.

Bara ya rasu. Ranar sadakar uku wani tsoho ya zo yana dogara sanda, ya tsaya gaban rumfar, ya ƙame ya sara mata irin na soja, yana hawaye. Maza suka ɗauka rikicin tsufa ne. Sai bayan ya tafi labarin ya iso wurin mata, Latifa ta ji, sai labaran jirgin nan suka faɗo mata a rai.

Tun daga ranar ba ta huta ba. In ta tashi daga ofis sai yawon tambaya, daga liman zuwa tsofaffin teloli, tana so ta san ko wane ne kakanta kafin wanda ya sani shi ma ya bi shi. Wani mai goro ne ya ce tsohon da ya sara wa rumfar sunansa Ɓoɓɓo, yana unguwar Grand Hangar a ƙetaren kogi wurin ɗansa. Na raka ta muka haye gada.

Muka same shi kwance, jiki ya ƙare, amma hankali garau.

"Kakanki pilote ne, matuƙin jirgin sama, wallahi," in ji shi. "A yaƙin basasar Najeriya ni nake zuba wa jirginsa mai. Wata rana ya dawo daga aiki, ya ƙi fitowa daga jirgi, sai da muka ciro shi. Bai ƙara tashi ba. Da muka haɗu a Douala na tambaye shi abin da ya gani, ya ce mutum ɗaya ya faɗa wa duk duniya, jikarsa." Ya yunƙura ya dube ta. "Ke ce, ko? Faɗa mini kafin in tafi. Me ya gani?"

Latifa ta daɗe tana lalube a ranta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

"Ya faɗa mini, Baba," ta ce. "Ban riƙe ba. Dariya nake yi."